Yadda Ake Neman Jan Ƙarfe da Tutiya a Tsofaffin Duwatsun Aman Wuta na Saudiyya

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wani daga cikin yaranmu na Jidda ko Makka yakan tare ni bayan sallar Juma'a, ya zaro dutse daga leda, ja jawur da ɗigon kore a jikinsa, ya ce, "Yaya, duba mini wannan, ko akwai wani abu a ciki?" Nakan juya dutsen a hannu, sannan in yi masa tambaya uku. A ina ka ɗauko? Wane irin dutse ne a gefensa na dama? Wane iri ne a hagu? Yawanci ta farko kawai ake amsa mini. To, sauran biyun su ne aikin. Wannan jagora domin ƙannenmu ne da suka karanci ilimin duwatsu, ko a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ko a Zariya, Jos da Yamai, da kuma masu son shiga aikin daji tare da kamfanonin haƙar ma'adinai.

Mataki na farko: san yadda abin ya samu

Duwatsun yammacin Saudiyya, waɗanda ake kira Garkuwar Larabawa, da na gabashin Sudan da Iritiriya, asalinsu abu guda ne. Sun samu ne tsakanin shekaru miliyan 870 zuwa 550 da suka wuce, lokacin da jerin tsibirai masu aman wuta suka yi ta karo da juna har suka manne. Bahar Maliya da ta raba su ta zo ne daga baya, wajen shekaru miliyan 30. Saboda haka abin da aka gani a tsaunukan Ariyab na Sudan yana koya wa mai aiki a Asir, kudu maso yammacin Saudiyya, darasi.

A ƙasan wancan tsohon teku, ruwan gishiri yakan tsiyaya ta tsagogin dutse har ya kusanci narkakken dutse. Can yakan yi zafi kamar tukunya a kan murhu, ya yi tsami, ya wanko jan ƙarfe da tutiya da dalma da baƙin ƙarfe daga duwatsun da ya ratsa, sannan ya taso. Da ya haɗu da ruwan teku mai sanyi sai ƙarafan su haɗe da farar wuta su zube, su taru su zama tudu. Irin wannan haɗin shi ake kira salfayid, tarinsa kuma masana ke taƙaita sunansa da VMS. An ga abin yana faruwa ido da ido a 1979 a ƙasan tekun Fasifik, inda baƙin ruwa mai zafin da ya kai digiri 350 ke tuɗaɗowa kamar hayaƙi. Mu ma ga namu a ƙofar gida: daura da Jidda, a zurfin kimanin mita 2,000, akwai ramin Atlantis II, cike da laka mai tutiya da jan ƙarfe da azurfa, wanda Saudiyya da Sudan suka ƙulla yarjejeniya a kansa a 1974.

Riƙe siffar tudun a ranka, don da ita za ka yi aiki kullum. Kamar ƙwarya ce da aka kife, ƙarƙashinta kuma akwai jijiyoyin salfayid da suka ratsa dutse kamar saiwar itace, su ne hanyar da ruwan zafin ya biyo. Jan ƙarfe yana son zafi, don haka yana zama a gindi da cikin saiwar. Tutiya da dalma suna jurewa har sai ruwan ya ɗan huce, sai su taru a sama da gefe-gefe. A bisa duka akwai siririn mayafi na jan dutse mai tauri ko farin dutse mai nauyi da ake kira barayit, kuma wannan mayafin yakan miƙe nesa da tudun. Daga baya ƙasa ta motsa, ta naɗe komai, ta tsayar da abin da yake kwance, wani lokaci ma ta juya shi ƙasa ta koma sama. Aikinka shi ne ka gano inda saman tsohon tekun yake fuskanta a yau, da kuma shimfiɗar da tudun ya zauna a kanta.

Mataki na biyu: takardu kafin takalmi

Ma'adinai a Saudiyya mallakar gwamnati ne. Ma'aikatar Masana'antu da Albarkatun Ƙasa ce ke ba da lasisi, a ƙarƙashin sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2021, kuma lasisin leƙen farko daban, na bincike daban, na haƙa daban. Idan da igama, wato takardar izinin zama, kake zaune, aikinka ya kasance ƙarƙashin kamfanin da ke da izini. Kada son sani ya kai ka fasa duwatsu a filin da ba ka da takardarsa.

Sannan ka karanta aikin na gaba. Tawagogin Amurka da na Faransa sun shafe shekaru da dama suna zana taswirar Garkuwar tare da hukumomin Saudiyya, kuma Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1999 da hedikwata a Jidda, tana riƙe da rahotannin, da yawansu an ɗora su a intanet. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Nemi inda aka riga aka samu: Jabal Sayid, kimanin kilomita 350 arewa maso gabas da Jidda, inda kamfanonin Ma'aden da Barrick ke haƙar jan ƙarfe tun 2016, Al Masani a yankin Najran, inda ake fitar da jan ƙarfe da tutiya tun 2012, Nuƙra, Umm ad-Damar, da zirin Wadi Bida. Dalilin duban waɗannan shi ne irin wannan tari ba ya zama shi kaɗai. Inda aka ga ɗaya, 'yan uwansa na nan jere a kan shimfiɗa guda. A Jabal Sayid kansa curi huɗu ne sanannu, a Al Masani kuma uku: Sa'ada, Al Hura da Moyeath.

Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, ASTER da Sentinel-2 suna da amfani ƙwarai a nan, domin babu ciyayin da za su rufe dutse. Suna nuna tsatsa da yumɓun da ruwan zafi ya bari. Sai dai inda baƙin dutsen aman wuta na baya-bayan nan da ake kira harra, ko rairayi, ya lulluɓe ƙasa, hoton ba zai gaya maka komai ba.

Mataki na uku: shiga daji ka karanta dutse

Nan ne zan daɗe. Kayanka su ne hamar dutse, gilashin ƙara girma na aljihu, kamfas mai auna karkata, GPS, mayen ƙarfe, wuƙa, guntun tayil mara sheƙi, jakunkunan samfur da littafi. Mota biyu ake fita da su, da ruwa fiye da yadda kake zato, kuma a bar wa wani labarin inda aka nufa. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, kuma ko ba doka, fitowar asuba ta fi. Kada ka kafa tanti a cikin kwari ko da sama tas take, ruwan da aka yi a kan tsauni nesa zai iya iske ka.

Ka riƙa tafiya kana ratsa shimfiɗun dutse a gicciye, kana rubuta kowane canji. Duwatsun aman wuta kashi biyu ne a sauƙaƙe: baƙi ko kore mai duhu, da kuma mai haske wanda sau da yawa za ka ga ƙananan idanun ƙanƙara a jikinsa. Wurin da ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, musamman idan akwai siririyar laka ko jan dutse mai tauri a tsakani, alama ce cewa aman wutar ya ɗan tsagaita a wannan lokacin. A irin wannan hutun ne tudun salfayid ke samun damar taruwa. Idan ka sami wannan layin, bi shi tsawonsa, ko da kilomita goma ne.

Yaya za ka gane sama? Narkakken dutse da ya zubo cikin ruwa yakan daskare curi-curi. Ka tuna malmalar tuwo da aka jera a ƙwarya tun da zafinta: bayan kowace malmala a kumbure yake, gindinta kuma ya zurma cikin tsakanin biyun da ke ƙasa. To, kumburin shi ne sama, tsinin shi ne ƙasa. A cikin tokar da ta kwanta a ruwa kuwa, manyan tsakuwa ne ke fara sauka, lallausar ta biyo baya, kamar yadda yashi ke kwantawa a bokiti. Inda ƙwayoyin ke ƙara laushi, can ne sama. Kada ka yarda da shaida ɗaya, nemi uku ko huɗu a wurare daban-daban.

Sai kuma sauyin da ruwan zafi ya yi wa dutse. A ƙarƙashin tudun, tsakiyar hanyar ruwan yakan koma kore mai duhu da laushi, wuƙa na kankare shi, wannan kulorayit ne. Kewaye da shi akwai fari mai santsi da sheƙi kamar siliki, wato serisayit, da ɗigon firayit, wato salfayid na baƙin ƙarfe, a warwatse. Duwatsun da suka zubo bayan tudun ya gama taruwa galibi ba su ga wannan ruwan sosai ba. Don haka idan gefe guda ya dafu, ɗaya gefen kuma lafiyarsa lau, ka san dafaffen ne gindi, kuma abin da kake nema yana kan iyakar.

Yanzu ga jan dutsen da yaran ke kawo mini. Idan salfayid ya fito fili, iska da ruwan sama sukan cinye shi, su bar hula ta tsatsa, ja da ruwan ɗorawa da baƙi, wadda ake kira gosan. Ɗan Arewa ya saba da marmara, don haka jan dutse ba ya ruɗarsa da sauri, kuma wannan gata ne. Gosan na gaskiya idan ka fasa shi ka sa gilashi, za ka ga ramuka kamar saƙar zuma, gurbin ƙwayoyin da suka narke, masu kusurwa huɗu inda firayit ya zauna. Kore ko shuɗi a tsagogi alamar jan ƙarfe ce. Amma ka lura da kyau: tutiya tana saurin narkewa ta bi ruwa, don haka hular da ke kan tari mai tutiya da yawa tana iya nuna kusan babu a gwaji. Jan ƙarfe yakan sauka ƙasa ya sake taruwa daidai matakin ruwan ƙasa, inda yakan yi kauri fiye da asalinsa. Zinariya, dalma da barayit su ne ke zama a sama. Abin da ya sa ke nan a Ariyab aka fara da haƙar zinariya daga hulunan tun farkon shekarun 1990, alhali salfayid na jan ƙarfe da tutiya na kwance a ƙarƙashi. Haka aka yi a Bisha ta Iritiriya, ba tamu ta Asir ba: zinariya a 2011, jan ƙarfe daga baya, sannan tutiya.

Idan ka yi sa'ar samun ɗanyen salfayid, wuƙa za ta raba maka gardama. Firayit fari-fari ne mai ruwan rawaya, wuƙa ba ta kama shi. Kalkofirayit, uwar jan ƙarfe, ya fi shi rawaya kuma wuƙa na kankare shi. Sifalarayit, uwar tutiya, ruwan ƙasa ne ko baƙi, idan ka goga shi a bayan tayil zai bar layi mai haske fiye da launinsa. Galina kuwa ba sai an gabatar maka da ita ba, tozalin da iyayenmu mata ke niƙawa ne.

Kada ka raina mutanen wurin. Wata rana wani dattijo makiyayin raƙuma, bayan mun sha gahawa, ya kai mu bayan wani tsauni ya nuna mana tarin baƙin kashin maƙera da ɗigon kore a jikinsa, da fasassun duwatsun niƙa. Mutanen da suka narka jan ƙarfe a wurin, wasunsu tun zamanin Abbasiyawa, sun bi koren dutse ne da ido, suka tsaya inda ruwa ko tauri ya tsayar da su. Abin da ke ƙasa da nan ba su taɓa shi ba. Ka rubuta wurin, ka ɗauki hoto, ka bar kayan tarihi a inda suke.

Mataki na huɗu: samfur

A fili mai faɗi, ana fara ɗibar lallausan yashin ƙananan kwaruruka, a tankaɗe, don kowane kwari na ɗauke da labarin tsaunin da ya fito. Iska na kawo rairayi daga nesa ta surka shi, saboda haka a zaɓi wurin ɗiba da hankali. A kan gosan kuma, yanka layi gicciye ka ɗebi kowace mita daidai wa daida. Zaɓen guntun da ya fi kyau yaudarar kai ce. Na'urar XRF ta hannu, mai auna ƙarafan da ke cikin dutse, tana ba da haske nan take a kan jan ƙarfe, tutiya da dalma, amma ba a dogara da ita wajen zinariya, kuma ba ta maye gurbin ɗakin gwaji. Ka nemi a auna har da sodiyam: raguwarsa a dutse alama ce ta kusantar hanyar ruwan zafi.

Mataki na biyar: na'urorin leƙen ƙasa

Salfayid mai jan ƙarfe yana ɗaukar lantarki, don haka na'urar EM, mai auna yadda ƙasa ke ɗaukar lantarki, daga jirgi ko a ƙasa, tana jin sa. Yana kuma da nauyi, kusan tan 4 ko fiye a kowane curi mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi, alhali dutsen da ke kewaye bai wuce 2.7 zuwa 2.9 ba, don haka ma'aunin nauyin ƙasa na gane shi. Mayen ƙarfe na taimakawa idan akwai ma'adinin da yake ja. Sai dai kowace na'ura da makantarta. Sifalarayit ba ya ɗaukar lantarki sosai, tari mai tutiya zalla zai iya yin shiru. Ruwan gishiri a ƙarƙashin kwari kuma yana iya yin ƙara kamar ma'adini.

Akwai abin da har yau nake jin zafinsa. A wani aiki a kudu, na'urar ta nuna mana layi mai ƙarfi da ya miƙe sama da kilomita biyu. Murna ta kama kowa. Wani dattijon masani da muke tare ya ce mini, "Ɗana, abin da ya yi tsawo haka kuma bai canja ba, ina jin tsoronsa. A auna nauyi tukuna." Na ce, "Baba, ofis na jiran sakamako kafin ƙarshen wata." Ni ne na sa hannu aka kawo injin haƙa. Rami uku muka haƙa, abin da ya fito baƙar laka ce mai girafayit, irin bakin fensir, tana baƙanta tafin hannu. Girafayit na ɗaukar lantarki amma ba shi da nauyi, awon mako guda da ya nuna mana haka. Kuɗin da aka ƙona a wurin ya sa ba a taɓa wani ƙaramin gosan da ke gefe ba, wanda yake zaune daidai kan iyakar da taswirarmu ta nuna. Tun daga ranar ba na yarda a haƙa sai shaidu uku sun haɗu a wuri guda: shimfiɗar da ta dace, sinadaran da suka dace, da na'ura aƙalla biyu.

Mataki na shida: haƙa

Injin da ke niƙa dutse ya huro gari, wanda ake kira RC, ya fi sauri da araha, ya dace da hula da abin da ke kusa. Injin mai baki na lu'ulu'u kuwa yana fito da sandar dutse cikakkiya, mai kaurin milimita 47.6 ko 63.5 bisa ga girman da aka zaɓa, kuma ita ce ke nuna maka tsarin komai. Kafa injin a gefen da shimfiɗar ta karkata zuwa gare shi, ka soke ta a gicciye, yawanci a karkace wajen digiri 60. Idan ka bi ta tsawonta za ka ga kauri na ƙarya. Ramin da ya ratsa mita 20 na salfayid a kusurwar digiri 30 da shimfiɗar, kaurin gaskiya mita 10 ne kacal.

Auna ramin farko ya ratsa ƙasa da inda tsatsa ta ƙare. Kada ka tsayar da injin da zarar salfayid ya ƙare, shiga cikin gindin sosai, domin saiwar kan ɗauki jan ƙarfe mai yawa, kuma a Jabal Sayid babban rabon arzikin a irin waɗannan jijiyoyin yake. Idan rami bai sami komai ba, a zura na'urar EM a cikinsa, tana iya jin curin da aka kuskure da 'yan mitoci. Karanta sandar da tunanin mataki na farko: tutiya da barayit na cewa kana sama ko gefe, jan ƙarfe da koren dutse na cewa ka kusanci tsakiya.

Jiƙa sandar da ruwa kafin ka duba, ɗauki hotonta, rubuta bayaninta, sannan a tsaga ta biyu da zarto. Rabi ya tafi gwaji, rabi ya zauna a akwati a inuwa, don salfayid na lalacewa idan ya sha iska da laima. A cikin jerin samfurin a saka waɗanda aka riga aka san adadinsu, da na wofi, da na maimaici, don a gane ko ɗakin gwajin ya yi kuskure. Auna nauyin guntaye da yawa a iska da cikin ruwa. Matasa na ganin wannan aikin ƙasƙanci ne, alhali lissafin tan gaba ɗaya a kansa ya rataya.

Mataki na bakwai: lissafi

A ce curin ya kai mita 400 a tsawo, 300 a zurfi, 10 a kauri, nauyinsa 4. Ka ninka su, tan miliyan 4.8 ke nan. Idan jan ƙarfe kashi 2 ne cikin ɗari, akwai tan 96,000 a ƙasa. Da ka yi kuskuren sa nauyin 3 a maimakon 4, da ka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na tarin a kan takarda. Wannan lissafin bayan ambulan ne. Wanda masu zuba jari ke karɓa sai ya bi ƙa'ida irin JORC ta Ostireliya ko NI 43-101 ta Kanada, da sa hannun ƙwararre, kuma ana hawa ne daga hasashe zuwa tabbaci gwargwadon kusancin ramuka.

Kafin a yi nisa, aika 'yan buhuna a gwada rarrabewa. Ana niƙa dutsen a motsa shi cikin ruwa mai kumfa, jan ƙarfe ya taso daban, tutiya daban. Idan ƙwayoyin sun yi ƙanana sun cuɗe da juna, rabuwar na wahala, kuma sinadarin arsenik mai yawa na rage farashi a wurin masu narkawa. Sai tambayar ruwa, wadda a wannan ƙasa takan zo gaba da komai: daga ina, kuma nawa? Sai nisa zuwa tashar jirgin ruwa, Yanbu ko Jazan. Sai kuma tarkacen firayit, wanda idan aka bar shi a fili yakan tsiyayar da ruwa mai tsami zuwa kwari, kwarin da rijiyar wancan makiyayi take. A ɗebi ruwan rijiyoyin yankin a auna tun kafin injin farko ya iso, a ajiye sakamakon, a kuma ba masu rijiyar kwafinsu.